Yarinyar da ke son tseren mota ta fara sanin iskar da injinta ke shaƙa

A watan Satumba na 2018, Hailie Deegan, tana da shekara 17, ta ci tsere a filin Meridian da ke jihar Idaho a Amurka. Ita ce mace ta farko da ta yi nasara a wannan rukuni na gasar NASCAR ta yammacin ƙasar. Sunan gasar a lokacin K&N Pro Series West, kuma K&N ɗin nan kamfani ne da ke ƙera matatar iskar mota, wadda kanikawa ke kira filta. Tun 1969 yake wannan sana'a a Kalifoniya. Masu sayar da matatar iska sun daɗe suna zuba kuɗi a tseren mota, domin a nan ne kasuwar alkawarin ƙarin ƙarfi take ci. Duk yarinyar da ta sa ƙafa a wannan fage, kafin ta yi nisa wani zai miƙo mata jar filta ya ce ga sirrin gudu. Ya kamata ta san abin da za ta amsa masa.

Amma bari mu fara da hanyar kanta. Kusan duk direban da ya kai gasar Formula 1 daga ƙaramar motar kat ya taso, wadda ba ta da rufi ba ta da sifirin, mazauninta kuwa yana dab da kwalta. Lewis Hamilton ya fara yana da shekara 8. Daga kat sai Formula 4 tun daga shekara 15, sai gasar yanki, sai Formula 3, sai Formula 2. Kafin a ba mutum babban lasisin shiga Formula 1 sai ya tara maki 40 a cikin shekara uku. A duk tsawon wannan tsani babu wata doka da ta hana mace hawa. Maria Teresa de Filippis ta shiga Formula 1 a 1958. Lella Lombardi ta zo ta shida a tseren Sifaniya na 1975, aka ba ta rabin maki saboda an tsayar da tseren kafin ya ƙare, kuma har yau ita kaɗai ce macen da ta ci maki a gasar. Tun bayan tserenta na ƙarshe a 1976 babu macen da ta sake tashi daga layin farawa. Giovanna Amati ta gwada sau uku a 1992 ba ta tsallake gwajin cancanta ba.

Abin da ke jawo wannan giɓi a fili yake ga duk mai bibiyar lamarin. 'Yan matan da ke fara kat kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da samari, da yawansu kuma a makare suke farawa. Wadda ta fara a shekara 13 tana karawa ne da yaron da ya riga ya yi shekara biyar ko shida yana zagaya filin. Daga nan sai kuɗi ya shigo. Gasar W Series, wadda ta fara a 2019 don mata zalla kuma direbobi ba sa biyan ko sisi, ta durƙushe bayan kakar 2022 saboda rashin kuɗi, duk da cewa ta fito da Jamie Chadwick wadda ta lashe kambun sau uku. F1 Academy da ta biyo baya a 2023, ƙarƙashin jagorancin Susie Wolff, ta ɗauki wani salo: a shekarar farko kowace direba ta kawo Yuro 150,000, a 2024 aka rage zuwa 100,000, kuma kowace ƙungiyar Formula 1 ta ɗauki nauyin direba guda. Ana shiga ne tsakanin shekara 16 da 25. Marta García ta lashe ta farko, Abbi Pulling ta lashe ta 2024, kowaccensu aka biya mata kujera a gasar da ke gaba. A cikin waɗanda suka fafata har da Amna da Hamda Al Qubaisi, ya da ƙanwa daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

To idan ke ce, ko 'yarki ce, ko 'yarka, ma'aunin da za a riƙa auna kowace kashewa da shi guda ɗaya ne: wannan kuɗin zagaye nawa zai saya a kan fili? Taya, mai, kuɗin shiga, da garambawul ɗin inji su ne ke cinye aljihu. Injin da ya mutu kafin lokacinsa ya tafi da ranakun atisaye, atisaye kuwa shi ne abin da 'yan mata suka fi rashi.

Batun ƙarfin jiki gaskiya ne, sai dai ana zuzuta shi fiye da kima. Kai da hular kwano sun kai kilo shida zuwa bakwai. A kwanar da ke tura jiki da ninki uku na nauyinsa, wuya zai riƙe kusan kilo 20, kuma sai ya maimaita haka a kowane zagaye. Motocin Formula 2 da Formula 3 ba su da na'urar sauƙaƙa sitiyari, birkinsu kuma sai an taka da ƙarfin gaske da ƙafar hagu. Duk wannan, motsa jiki na magance shi. Abin da ya fi cutar da ƙaramin jiki shi ne zaman da bai dace ba: feda ta yi nisa har gwiwa ta miƙe sambal lokacin taka birki, ko kujerar kat ta yi faɗi haƙarƙari ya riƙa bugun gefenta. A gyara waɗannan kafin a ce yarinya ba ta da ƙarfi. Rashin nauyi ma yana da amfaninsa, tunda ana auna mota ne da direba a ciki. Mai ƙaramin jiki sai ta ƙara dalma, kuma ita za ta zaɓi inda za a ɗaure ta, ƙasa a busasshen fili, a ɗan ɗaga ta sama idan ana ruwa domin tayoyin waje su ƙara kama ƙasa.

Yanzu ga filta. Injin fetur yana son iska kusan kilo 14.7 a kan kowane kilo ɗaya na mai. Lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iskar da ta kai wajen lita 9,000. Injin lita biyu da ke juyi 6,000 a minti, totur a buɗe, yana zuƙar har lita 100 a kowane sakan. Ƙaramin injin kat mai cc 125 da ke juyi 14,000 yana iya shaƙar sama da lita 1,500 a minti. Duk wannan iskar ta cikin matata take bi, da ƙurarta da ɓurɓushin taya da yashin da motar gaba ta watso.

Iri huɗu ake samu a kasuwa. Akwai ta takarda mai ninki-ninki wadda mota ke zuwa da ita daga kamfani. Akwai ta auduga, shimfiɗa huɗu zuwa shida a tsakanin ragar ƙarfe, ana shafa mata mai, ita ce jar nan da aka fi tallatawa. Akwai ta soso, ita ma da mai, wadda masu babura da motocin daji suka fi so. Sai kuma busasshiya ta zaren roba. Ta takarda tana tare ƙura ne da ƙanƙantar ƙofofinta. Ta auduga ƙofofinta sun fi girma, shi ya sa iska ke wucewa da sauƙi, man da aka shafa ne ke cafke ƙurar. Man ya bushe ko an wanke ba a mayar ba, abin da ya rage a hannunki rariya ce.

Gwajin da ake yi wa matata a ɗakin bincike, mai lamba ISO 5011, abu uku yake aunawa: yadda take tauye iska, kashi nawa na ƙura take tarewa, da yawan ƙurar da za ta ɗauka kafin ta toshe. Mai talla kan faɗi na farko da babbar murya, ya bi ta kan sauran biyun da sauri. Kuma alƙaluman suna ruɗi. Ki ɗauka wata tana tare kashi 99.5 cikin ɗari, wata kashi 98. A ido kamar tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma ki duba abin da ya wuce: ta farko ta saki rabin kashi ɗaya, ta biyu ta saki kashi biyu. Ninki huɗu na ƙura kenan ke shiga injin.

Ƙarin ƙarfin fa? Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan matata ta rage matsin iskar da ke shiga da kashi ɗaya cikin ɗari, ƙarfin inji zai ragu da kusan haka. Kashi ɗaya na matsin iskar duniya daidai yake da tsayin ruwa santimita 10 a cikin tiyo. Ana iya auna wannan: a huda ƙaramar ƙofa tsakanin matata da bakin totur, a haɗa agogon auna zuƙa, a buɗe totur gaba ɗaya a giya ta uku har inji ya kai ƙololuwar juyinsa, a karanta. Sai a cire matatar a kan injin gwaji, a wuri mai tsabta, a sake karantawa. Bambancin da ke tsakanin karatun biyu shi ne iyakar abin da kowace irin filta a duniya za ta iya dawo miki da shi. A motar da ba a taɓa injinta ba, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya ko biyu ba. Motar F1 Academy tana da ƙarfin doki 174 daga inji mai lita 1.4 da turbo, na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Kashi ɗaya na wannan bai kai doki biyu ba. A ɗaya gefen, motar da ke gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 a sakan, don haka direbar da ta koyi jinkirta birki da mita biyar ba tare da ta ɓata kwanar ba, ta samu abin da ya fi haka, a kowace kwana, kuma kyauta. Ita motar F1 Academy ma iri ɗaya ce ga kowa, babu mai canza mata kayan inji yadda ya ga dama.

Inda matata mai sakin iska ke da amfani na gaske shi ne injin da aka yi wa aiki sosai har buƙatarsa ta iska ta wuce abin da akwatin kamfani zai iya bayarwa. Ko a nan ɗin, ƙara girman matata ya fi rage ƙarfin tacewarta. Idan faɗin fuskar ya ninka biyu, gudun iskar da ke ratsa kowane sashe ya ragu da rabi, tauyewar ta faɗi, tacewar kuma tana nan.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne a cire akwatin iska na kamfani a ɗaura matata mai siffar mazurari tsirara a cikin bonet, kusa da lagireto ko bututun hayaƙi. Ƙara za ta yi daɗi, direba ta ji kamar motar ta farka. Amma iska mai zafi ba ta da nauyi. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyinta da kusan kashi uku cikin ɗari. Idan a waje digiri 35 ne, a cikin bonet kuma 60, injin ya yi asarar kashi bakwai zuwa takwas na iskar da yake samu, kwamfutar motar kuma tana iya ja da lokacin tartsatsin fulogi baya don kare shi. An nemi kashi ɗaya an zubar da ninkinsa, garin neman ƙiba an samo rama. Idan dole sai mazurarin, a yi masa akwati a rufe, a jawo masa iska daga gaban mota. Kada kuma a sauke bakin bututun ƙasa sosai. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda fistin na tahowa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Sai matsalar yawan mai. Motoci da yawa suna da na'urar auna iska a bayan matata, mai siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki. Iskar da ke wucewa tana sanyaya wayar, da haka kwamfuta ke sanin yawan man da za ta feso. Idan an cika wa audugar mai, feshinsa zai lulluɓe wayar, ƙura ta manne a kai, na'urar ta riƙa faɗin ƙasa da gaskiya. Sai mai ya yi wa iska kaɗan, mota ta riƙa shaƙewa idan an taka, wutar gargaɗin inji ta kama, a saka kwamfuta a ga lamba irin P0171 ko P0101. Maganinsa feshin da aka yi musamman don wannan na'ura, ba na wanke kafireto ba, kuma kada yatsa ko auduga su taɓa wayar. A bar ta ta bushe da kanta.

Wankin ta auduga yana da tsari, kuma gaggawa ce ke kashe ta. Ki fara bubbuga ta a hankali manyan datti su zube. Ki fesa ruwan wankinta ta fuska biyu, ki bar shi kamar minti goma ba tare da ya bushe ba. Ki ɗauraye da ruwa marar ƙarfi daga gefen da ke kallon inji zuwa waje, domin dattin ya koma ta inda ya shigo. Ki girgiza ki ajiye a inuwa ta bushe ƙarau. Ba fetur, ba kalanzir, ba iskar mai faci, ba na'urar busar da gashi. Fetur yana cin roban gefe, iska mai ƙarfi tana buɗe ramuka a audugar, zafi kuma yana tsuke ta. Bayan ta bushe, ki bi saman kowane ninki da siririn layin mai sau ɗaya, ki jira minti 20 ya bi jikinta, sannan ki ɗiga a wuraren da suka rage fari. Shi ya sa aka rina man ja, don ki ga inda bai kai ba. Idan kin ɗora ta a kan farar takarda ta bar tabo, man ya yi yawa. Aikin nan yana cin yini, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hankali guda biyu take riƙewa, ɗaya a mota, ɗaya a shirye cikin leda.

Ta soso kuwa jiƙa ta ake yi da mai har ko'ina ya samu, a matse ta a tafin hannu, kada a murɗe kamar wanki, murɗewa tana yaga ƙwayoyin soson daga ciki. A shafa ɗan giris a leɓen da ke zama a kan akwati.

Wannan leɓen ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙurar da ke kashe inji sau da yawa ta gefe take bi. Kilif ɗaya ya karye, roba ta taurare, tiyo ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, ko an sa matatar ta zauna a karkace. Gwajinsa na minti ɗaya ne. Ki cire matatar, ki naɗe farin ƙyalle a yatsa, ki goga cikin bututun da ke zuwa inji. Ya kamata ya fito fari tas. Idan kin ga launin ƙasa, ko kin murza tsakanin yatsu kin ji gurzar yashi, ki duba inda layin ƙurar ya faro, zai nuna miki ƙofar da ɓarawon ya bi. Ki kuma haska tocila ta bayan matatar a wuri mai duhu, duk inda haske ya huda kamar bakin allura, ta gama aiki.

Ƙura yawancinta ɓurɓushin dutse ne mai tsananin tauri. Idan ta gauraya da baƙin mai sai ta zama kamar man goge ƙarfe. Tana cin ringi da bangon silinda, matsi ya ragu, inji ya fara shan baƙin mai da hayaƙi. A mota mai turbo, fikafikan da ke zuƙo iska su ne ke fara dakushewa. A injin kat abin ya fi muni, saboda irin injin nan da ake gauraya masa fetur da mai, iskar sai ta ratsa ta ɗakin karanshaf kafin ta hau silinda, wato ƙurar kai tsaye take sauka a kan boris. Ƙungiyoyin da suka san aikinsu suna aika samfurin baƙin mai ɗakin gwaji, idan sinadarin silikon ya hau tare da ɓurɓushin ƙarfe, sun san iska na shiga ta inda bai kamata ba tun kafin agogon zagaye ya nuna.

Masu kat su kiyaye abu biyu. Akwatin iska yana cikin kayan da alƙalan fasaha ke dubawa bayan tsere. A gasar kat irin ta masu injin Rotax, huda shi ko canza soson ciki da wanda ba na ƙa'ida ba ya isa a soke sakamako, ko da yarinyar ta zo ta ɗaya da guminta. Na biyu, injin mai kafireto ba shi da kwamfutar da za ta daidaita kanta. Aka ƙara iska ba a ƙara girman jet ba, wato 'yar ƙofar da mai ke fitowa ta cikinta a kafireto, inji zai yi zafi, fistin ya kumbura ya kama bango a ƙarshen miƙaƙƙen layi, tayoyin baya su ƙulle ana tsakiyar gudu. Fulogi ne mai ba da labari: launin ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat alamar mai ya yi kaɗan.

Inda ƙura ta fi yawa, lissafin gaba ɗaya juyewa yake, kuma a irin waɗannan tseren ne mata suka kafa manyan tarihinsu. Michèle Mouton ta ci tsere huɗu a gasar rali ta duniya, ta zo ta biyu a 1982 da Audi Quattro. Jutta Kleinschmidt ta lashe tseren hamada na Dakar gaba ɗaya a 2001 da Mitsubishi Pajero. Cristina Gutiérrez ta lashe rukunin Challenger a 2024, bayan gasar ta koma Saudiyya a 2020. Ita Dakar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, tun fitowarta ta farko a 1979 ta ratsa Agadez da Yamai. Motocin irin wannan tsere suna ɗaga bakin iskarsu sama zuwa gefen gilashi, nesa da ƙurar taya, wasu da mazubin da ke juya iska ya jefar da manyan ƙwayoyi kafin su isa matata, sannan a sa wa matatar riga ta waje wadda ake cirewa a canza a kowane zango. Ba wanda ke maganar doki biyu a can.

Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ya lulluɓe Kano da Damagaram laushinsa kamar gari ne, irin wanda ya fi saurin ratsa audugar da manta ya yi ƙaranci. Tazarar wanki ta mil 50,000 da kamfani ke rubutawa a kwali an yi ta ne don tafiyar babban titi a yanayi marar ƙura sosai. A lokacin hazo, ko a filin ƙasa, dubawa ake yi bayan kowace fita. Ga motar atisaye a irin wannan yanayi ni ta takarda mai inganci zan zaɓa, ko soso mai hawa biyu da riga. Kuma idan ta takarda ce, a daina al'adar nan ta miƙa wa mai faci ya busa ta. Siririyar ƙurar da ta kwanta a fuskarta tana ƙara mata iya tacewa, iskar kwamfiresa kuma tana fasa zaren takardar ta bar ramukan da ido ba ya gani. Ki bar ta a wurinta har agogon zuƙa ya nuna ta toshe, sannan ki goge cikin akwatin da ɗanyen ƙyalle, ki toshe bakin bututun da tsumma mai tsabta yayin da kike aikin, ki sa sabuwa, ki tabbatar kin cire tsumman kafin ki rufe.